Inda riƙon taya ke komawa idan ruwa ya sauka a wasannin tseren mota

Wasan kwamfuta na tseren motoci mai suna iRacing ya fito a 2008, amma ruwan sama bai fara sauka a cikinsa ba sai a watan Maris na 2024. Kusan shekara 16 ke nan ana tsere a kan busasshiyar kwalta, a wasan da direbobin gaske irin su Max Verstappen na Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ke zama su fafata a cikinsa. Zana ɗigon ruwa a gilashin mota an daɗe da iya shi. Abin da ya ci lokaci shi ne lissafin abin da ke faruwa idan ruwa ya shiga tsakanin roba da kwalta, domin amsar tana canzawa daga wannan gefen titi zuwa wancan, kuma daga wannan zagaye zuwa na gaba.

Yawancin masu wasa sun ɗauka cewa ruwa rage riƙo kawai yake yi, sai mutum ya sassauta gudu shi ke nan. Rabin magana ce. Ruwa yana rage riƙon, amma babban aikinsa shi ne ɗauke shi daga inda ka saba samunsa ya mayar da shi wani wurin. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta katantanwa a kwana ɗaya yana zagin wasan.

Abin da ke riƙe motar tun farko

Duk ƙarfin inji da birki da sitiyari suna ƙarewa ne a wurare huɗu inda taya ta taɓa ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. A wannan ɗan fili roba tana kama kwalta ta hanya biyu.

Ta farko mannewa ce. Robar tayar tsere idan ta ɗau zafi tana yin danƙo, ta liƙe wa fuskar tsakuwar da ke cikin kwalta, ta saki, ta sake liƙewa, sau ba adadi cikin daƙiƙa guda. Saboda wannan ne tayar tsere ta rani ba ta da tsagi ko ɗaya, sumul take, don a sami roba mai yawa a kan ƙasa. Ta biyu cusuwa ce. Kwalta ba shafaffiya ba ce, tsakuwa ce mai tudu da kwari, kuma kowace ƙwayar tsakuwa tana da nata ƙananan kaifi. Roba tana nutsawa cikin waɗannan ramukan, tana lotsawa, kuma ba ta komawa daidai nan take. Wannan jinkirin komawa yana cin ƙarfi, shi ne ke zama turjiyar da ke hana taya zamewa.

Ruwa na sauka, mannewa ce ke fara mutuwa. Ko da siririn ruwan da ido ba ya gani sosai ya isa ya raba roba da dutse. Sai cusuwa ta rage ita kaɗai tana ɗauke da motar. Duk wanda ya taɓa taka tayil mai ruwa da silifas, sannan ya taka jiƙaƙƙen daɓen siminti mai kaushi da silifas ɗin nan, ya san bambancin: ruwa ɗaya ne, takalmi ɗaya ne, amma a ɗaya ƙafa ke tafiya, a ɗayan tana tsayawa. Kaushin ne ke huda ruwan ya kai ga roba. Daga nan duk sauran bayanin ya samo asali.

Daga santsi zuwa iyo

Santsi daban, hawa kan ruwa daban, kuma ya kamata mai wasa ya iya rarrabe su domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan taya na gudu a kan ruwa, filin da ta taɓa ƙasa yana rabuwa uku. A gaba akwai tarin ruwan da take turawa, wanda ke cusa kansa ƙarƙashinta yana neman ɗaga ta. A tsakiya akwai siririn ruwan da ba a gama matsewa ba. A baya ne kaɗai roba ke haɗuwa da dutse da gaske. Lokacin da taya ke da shi na korar ruwan ƙanƙani ne ƙwarai. A gudun kilomita 200 a awa, mota na cin fiye da mita 55 a daƙiƙa. Idan tsawon filin ya kai santimita 15, kowane ɓangaren roba ba ya kaiwa kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa a ƙasa kafin ya tashi. Gudu na ƙaruwa, ɓangaren gaba na cinye na baya. Kuma ƙarfin da ruwan ke turo tayar da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu biyu, shi ninkuwa huɗu yake yi. A wani gudun sai ɓangaren baya ya ɓace gaba ɗaya. Tayar ta bar ƙasa, tana iyo.

Masu bincike na hukumar NASA ta Amurka sun yi aiki a kan wannan tun farkon shekarun 1960, saboda jirage da ke zamewa wajen sauka. Abin da suka gano shi ne gudun da taya ke fara iyo yana da alaƙa da yawan iskar da ke cikinta: iska mai yawa, sai an ƙara gudu kafin ruwa ya ɗaga ta. Lissafin nasu na tayar jirgi ne a kan ruwa mai zurfi, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a kan motar tsere, amma hikimar tana nan. Ita ce ta sa a wasan Assetto Corsa Competizione ake neman iskar tayar rani ta tsaya wajen 26 zuwa 27 a ma'aunin iska na psi idan ta yi zafi, ta ruwa kuma wajen 30. Iskar tana tsayar da tayar, tsagin ya zauna a buɗe, ruwa ya sami hanyar fita.

Tsagin nan kuwa aiki yake yi ba kaɗan ba. Kamfanin Pirelli ya ce tayar ruwa ta Formula 1, mai shuɗin zane a gefe, tana korar lita 85 a daƙiƙa a gudun kilomita 300 a awa. Taya ɗaya ke nan. Ta tsaka-tsaki, wato ta ruwa marar yawa, mai koren zane, ba ta kai rabin haka ba.

Ga yadda abin yake zuwa a hannu idan wasan ya yi aikinsa da kyau. Kana kan miƙaƙƙen titi, sitiyari na da nauyinsa, ƙananan gargada na zuwa tafinka. Kwatsam sai ya yi sakayau kamar an cire masa waya. Gargadar ta ɗauke. Idan tayoyin baya ma sun hau, ƙarar inji ta ɗaga alhali gudu bai ƙaru ba. A wannan ƙiftawa da bismillah jiki zai ce maka taka birki ko murza sitiyari, kuma duka biyun su ne ke kashe tseren. Tayar da ke iyo ba ta jin umarni, amma da ta fita daga kududdufin za ta kama ƙasa a duk inda ka bar ta tana kallo. In ka karkata ta, can motar za ta nufa da ƙarfin tsiya. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗan sassauta totur a hankali, a jira nauyin ya dawo.

Layin da kowa ya haddace

A nan ne maganar ta fi daɗi, kuma a nan ake gane wasan da ya fahimci ruwa da wanda ya yi masa kwalliya kawai.

A busasshen titi akwai layi ɗaya da kowa ke bi: ka shiga kwana daga waje, ka taɓa ciki, ka fita waje. Motoci suna bin sa dubban lokuta, suna shafa masa roba har ya yi baƙi, suna kuma goge kaifin tsakuwarsa har ta yi sulɓi. A rani wannan alheri ne, domin roba a kan roba mannewa take yi. Da ruwa ya zuba, abin da ya sa layin ya fi ko'ina riƙo shi ne zai sa ya fi ko'ina santsi. Robar ta cike ramukan da ruwa zai ɓuya, gogewar ta kashe kaifin da zai huda shi. Riƙon ya koma gefe, inda ba a cika bi ba, inda kwaltar ke nan da kaushinta.

Wanda ya kalli tseren Formula 1 na titin Interlagos a ƙasar Birazil a 2016 ya ga wannan da idonsa. Verstappen ya koma na 16 bayan canjin taya, saura 'yan zagaye, ya ƙare na uku, yana wuce mutane ta wajen kwana, wuraren da a rani ba wanda zai kai tayarsa.

Mu ɗauki wuri guda a Spa ta ƙasar Beljiyam, titin da kusan duk manyan wasannin tseren mota ke da shi. Ka hauro daga kwanar Eau Rouge, ka miƙe doguwar hanyar Kemmel, gabanka kwanar Les Combes wadda ke fara karyawa dama. A rani za ka manne a hagu, ka taka birki a kan baƙin layin, ka karya. A ruwa sai ka matso tsakiya kamar faɗin mota guda, ka bar baƙin layin a hagunka, ka fara birki da wuri kuma a hankali kafin ka ƙara. Matsalar ita ce dole wani wuri ka tsallaka layin nan, tunda shi ma kwanar yake bi. Dabarar ita ce ka tsallake shi sitiyari na kusa da miƙe, ba ka neman komai a wajen tayar, ka ɗan zarce ciki, ka juya motar a kan kwalta mai kaushi, sannan ka sake tsallakawa wajen fita kafin ka danna totur sosai. Hanyar ta fi tsawo. Agogo kuwa zai nuna maka ta fi sauri.

Sai kuma fenti. Farin layin gefen titi da jan-da-farin dakalin kwana, waɗanda a rani ake hawa don a rage hanya, a ruwa sun zama tarko. Ciki-cikin kwana ma sau da yawa shi ne wuri mafi kwari, nan ruwa ke taruwa.

Amma wannan ma ba doka ce ta dindindin ba. Idan ruwa ya ɗauke, motocin da ke wucewa suna kwashe ruwan suna watsa shi sama, zafin taya na busar da sauran, sai busasshen layi ya fara fitowa, yawanci a inda motoci suka fi bi. Daga nan riƙon ya fara komawa gidansa na asali, siriri da farko, faɗin mota guda. Wanda ya saki taya ɗaya waje da shi ya ga ta kansa.

Yadda kwamfuta ke ƙirga duk wannan

Wasan tsere yana lissafa kowace taya sau ɗaruruwa a daƙiƙa: nauyin da ke kanta, yadda take ɗan zamewa, zafinta, iskarta, da irin ƙasar da take kai. An daɗe ana dogaro da wani lissafi na Hans Pacejka, malami a jami'ar Delft ta ƙasar Holan, wanda ke ɗaukar sakamakon gwajin taya ta gaske ya mayar da shi ƙa'idar da kwamfuta za ta bi. Wasu wasannin, kamar iRacing da rFactor 2, sun zaɓi su gina tayar daga tushe, su lissafa yadda roba da ƙarfen cikinta ke lanƙwasa.

Hanya mafi sauƙi ta saka ruwa ita ce a ɗauki sakamakon rani a zabge masa wani kaso a ko'ina daidai wa daida. Haka tsofaffin wasanni da yawa suka yi. A ganina wannan ya fi rashin ruwan illa, domin yana koya wa mutum abin da ba haka yake ba: ka bi layinka na kullum, ka rage gudu, ka ci tsere. Ba abin nema, ba abin karantawa a kan titi.

Gyaran ya zo mataki-mataki. Wasan F1 2010 na kamfanin Codemasters ya zo da busasshen layi mai fitowa a hankali. Forza Motorsport 6, a 2015, ya kawo kududdufai masu zurfi da ke iya ɗaga taya, amma a kafe suke, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Project CARS 2 na 2017 ya zo da tsarin LiveTrack 3.0, inda ruwa ke gangarowa ya taru a kwari da kansa, kuma Automobilista 2 na kamfanin Reiza ya gaji wannan tsarin. Tunanin da ke ƙarƙashin duka ɗaya ne: a yanka titin ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya riƙe bayanin kansa, ruwa nawa ke kansa, roba nawa, zafinsa nawa, kuma kowace tayar da ta wuce ta canza bayanin. Tunda ana auna titunan gaske da na'urar leza kafin a gina su, tudu da kwarinsu na ainihi ne, don haka ruwan yana kwanciya kusa da inda yake kwanciya a zahiri.

Tsarin ruwan sama na iRacing mai suna Tempest, a nawa ganin, shi ne ya fi tilasta wa mutum barin layin rani. A can idan ka nace wa baƙin layi a ruwa za ka sha wahala a kowace kwana. Assetto Corsa Competizione na kamfanin Kunos na Italiya, wanda ya fito a 2019, ya fi ƙarfi wajen zafin taya da iska da kududdufi, kuma yana gaya maka halin titin mataki-mataki, daga mai maiƙo zuwa mai laima zuwa jiƙaƙƙe zuwa wanda ruwa ya malale. Gran Turismo 7 na 2022 ya sauƙaƙa wa mai wasa da ma'aunin laima a gefen allo da taswirar hadari, kana ganin ruwan na tahowa kafin ya iso. A titi mai tsawon kilomita 7 kamar Spa, wannan taswira tana da amfani, domin ana iya tafka ruwa a wani ɓangare wani ɓangaren kuma ƙura ce.

Matakin nan na maiƙo ya cancanci a kula da shi. Yayyafin farko bai isa ya wanke titi ba, sai dai ya kwaɓa ƙura da mai da ɓarɓashin roba. Duk direban da ya taɓa tuƙi a ruwan farko na damina ya san shi. A wasa ma nan ne mutane suka fi faɗuwa, saboda ido na ganin titin kamar ba abin da ya same shi.

Zafi, da lokacin canja taya

Ruwa yana sanyaya taya, kuma tayar rani idan ta huce ta taurare. Ta taurare, cusuwar ma ta ragu. Riƙo ya ragu, dole ka rage gudu, rage gudun kuma ya ƙara sanyaya ta, iskarta ta sauka. Haka abin ke ta gangarawa har motar ta gagari tuƙi, ko da ruwan bai kai ya ɗaga ta ba.

Tayar ruwa an yi ta da roba mai laushi, kuma guntayen da ke tsakanin tsaginta suna motsi suna haifar da zafi da kansu. Wannan ne ke raya ta a ruwa, shi ne kuma ke kashe ta idan titi ya fara bushewa. Zagaye kaɗan a kan busasshen layi sun isa ta yi zafi fiye da kima, guntayen su fara narkewa, mota ta dinga lilo a kwana. Shi ya sa za ka ga direba a miƙaƙƙen titi ya bar layi da gangan ya je ya taka inda ruwa yake. Shayar da tayar yake yi. A wasannin da suka lissafa zafi da kyau, kana kallon launin tayar a allo yana sauka idan ka yi haka.

Tsakanin biyun akwai gaɓar da tayar rani da ta ruwa ke yin lokaci ɗaya, kuma tsere da yawa a nan ake cin su ko a rasa su. A rukunin motocin tsere na GT3 da ke cikin Assetto Corsa Competizione zaɓin biyu ne kawai, ta rani ko ta ruwa, babu ta tsakiya, don haka gaɓar tana da zafi. Wanda ya riga kowa komawa tayar rani zai yi zagaye biyu ko uku yana lallaɓa ta a kan siririn layi kafin ta ɗau zafi. In ya tsira ya wuce kowa. Abin da nake ba da shawara shi ne a daina kallon gilashi, a kalli lokacin zagaye na wanda ya riga ya canja. Da ya fara kamo lokacinka, ka riga ka makara da zagaye ɗaya.

Akwai kuma abin da ya faru a tseren Formula 1 na Istanbul a 2020, a kan sabuwar kwaltar da ta ƙi bushewa. Lewis Hamilton ya yi kusan zagaye 50 a kan tayar tsaka-tsaki guda, har tsaginta ya suɗe ta koma kusan ta rani, kuma hakan ya dace da titin da ke tsakanin jiƙa da bushewa. Ya ci tseren ya ɗauki kambunsa na bakwai. Irin wannan, inda lalacewar taya ke zama riba, yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwayo.

Abin da ya rage a hannun mai wasa

Gyaran mota na ruwa ba shi da sarƙaƙiya. Tunda birki ba ya kamawa da ƙarfi, nauyi ba ya zubowa gaba kamar a rani, sai a ɗan mayar da rabon birki baya. A sassauta sifirin don taya ta bi ƙasa a hankali, a ɗan ɗaga motar, a ƙara fiffiken da ke sa iska ta danne motar ƙasa. A motocin da ke da ABS, wato na'urar hana birki kulle taya, da na'urar hana tayar baya wulwulawa, a ƙara musu mataki. A shiga giya ta sama da wuri wajen fita kwana. Babu kunya a cikin ko ɗaya, direbobin GT3 na gaske haka suke yi.

Inda wasa ke gazawa shi ne jiki. Direban gaske yana jin bayan mota ya fara zamewa ta ƙugunsa kafin idonsa ya gani. Mai wasa ba shi da wannan, sai sitiyari da kunne da ido. Kuma a ruwa sitiyarin yana yin sauƙi, tunda ƙarfin da taya ke mayarwa ya ragu. Mutane da yawa sai su ƙara masa ƙarfi a saiti don su dawo da nauyin da suka saba. Ban goyi bayan haka ba. Sauƙin nan shi ne saƙon. In ka cika shi da nauyin ƙarya ka toshe hanyar da za ka ji bambancin baƙin layi da kwalta mai kaushi. Gara a rage ƙarar inji a ɗaga ƙarar taya, don a ji lokacin da sautinta ya canza daga shuu na jiƙaƙƙen titi zuwa ruri na ruwa mai zurfi.

Sai feshi. A watan Agustan 2021 tseren Formula 1 na Spa ya ƙare bayan 'yan zagaye a bayan motar kiyaye haɗari, aka raba rabin maki, kuma babban dalilin shi ne na baya ba sa ganin gabansu. Litar nan 85 da taya ke kora sama take tafiya. Wasannin yanzu sun fara kwaikwayon wannan da gaske, har ka bi mota a Kemmel ba ka ganin komai sai jan fitilarta. A irin wannan hali alamar birkinka ba za ta kasance a kan titi ba, sai ka nemo ta a gefe tun lokacin gwaji: allon nisa, ƙarshen shinge, ko wata bishiya. Ka kuma ɗan goce daga bayan motar gabanka kafin wurin birki, ka sami iska mai tsabta ka ga inda ruwa ya kwanta a wannan zagayen, domin ba lallai ne ya kasance inda ka bar shi a zagayen da ya wuce ba.